Shekarar da Na Mayar da Jeren Balaraba Awaki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwanakin da suka kawo ni yau.

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu. Na san kun ji ta, don a gidan suna ko gidan biki ba a rasa mai tayar da ita da zarar na ba da baya. Cewa ake yi na kai yayarku ɗakin miji a Kudan bango fayau, babu jere, saboda rowa. Wasu su ce son awaki ne ya rufe mini ido. Shekara da shekaru ina ji ina yin shiru, ba don ba ni da baki ba, kun dai san ni, in na buɗe shi sai an nemi wurin ɓuya. Yanzu gwiwa ta ƙi ni, ido ya fara hazo, na ga gara in yi amfani da ɗan rubutun da na koya a ajin manya in ajiye muku yadda abin ya faru. Wanda ya ce rowa ce, ƙarya ya yi. Wanda kuma ya ce ba ni da laifi, shi ma bai faɗi gaskiya ba.

Balaraba ita ce 'yar farina. Sunanta na yanka ba na faɗa, haka muka taso muka tarar. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ta, gwaggonta Hajiya Mairo, yayar mahaifinku, ta ɗauke ta zuwa Ikara. Can ta girma, can ta yi makaranta, can ta koyi ɗinki. Takan zo mana Paki da hutu ko da salla, ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon murhu. In ina son ta ɗebo ruwa, sai in ce wa iska, a ɗebo ruwa mana. Ba ƙiyayya ba ce, Allah shi ne shaida. In ta juya baya nakan bi ta da ido har ta shige zaure. Kuma tun ranar da aka raɗa mata suna na fara yi mata tari.

Ku da kuke ajiya a cikin waya ba za ku gane irin tarinmu ba. Mace a karkara ba ta da gona sai in gado ya biyo ta, ba ta da banki, kuma kuɗi a hannu ba ya kwana biyu, yau a ce gishiri, gobe a ce yaro ba lafiya. Saboda haka kwano muke saya. Uwata a Malikanchi haka ta yi, ita ma uwarta haka ta yi. Ka yi ƙuli-ƙuli, ka matse mai, ka zuba adashi, ranar da ɗauka ta zo kanka ka aika kasuwar Makarfi a sayo kwalla ko fanteka ko samira mai fure, ka goge ta, ka tura ƙarƙashin gado. Ba a cin abinci a ciki, ba a ko bari yaro ya taɓa. Kwanon nan shi ne jeren 'yarka ranar aurenta, shi ne kuma madogara in rana ta ɓaci, don an ce ko yaushe ka fitar da shi zai yi kuɗi. Ni na yarda da wannan kamar yadda na yarda gobe rana za ta fito. Shekara goma sha takwas ina tsaye a kan kaskon tuya, hayaƙi yana cin idona, duk saboda ƙarƙashin gadon nan ya cika.

A shekarar da nake ba ku labari, an riga an sa ranar Balaraba da Garba, wani manomin tumatir a Kudan, an ce sai bayan kaka. Ana tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, sai Allah ya yi wa maƙwabcinmu Malam Isa rasuwa. Zazzaɓin kwana uku ne. Ya bar matarsa Lami da yara biyar, da masara a gona tana jiran taki na biyu. Lami ƙawata ce ta ƙut da ƙut, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tare muke daka tare muke zuba adashi. Bayan sadakar bakwai, da masu gaisuwa suka watse, na leƙa na tarar ba a ɗora tukunya ba har azahar. Tana cikin takaba, ba ta fita, sai ta ce in kira mata Tabawa dillaliya, za ta fitar da kwanoninta.

Ni da hannuna na taya ta fito da su. Muka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida muka jera, manya a baya ƙanana a gaba, har wuri ya cika. Rana ta ɗan leƙo bayan ruwan safe, suna ta ƙyalli, ko ƙwarzane babu a jikin ɗaya. Tarin Lami ya fi nawa, don ta riga ni farawa. Na ce a raina, to, alhamdu lillahi, wannan zai kai su har kaka, a sa taki, a yi saura. Tabawa ta zo ta tsaya a kansu, ta ɗaga murfi ɗaya ta mayar, ta ɗaga wani ta mayar. Sai ta zauna a bakin turmi ta yi tagumi.

"Lami, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji ta. "Wannan yayin ya wuce. Amaren yanzu tangaran suke so da kuloli da kabet mai gilashi. Irin waɗannan ina da su jibge a ɗakina, ba mai ko tayawa."

"Sababbi ne fa," in ji Lami. "Ko ruwa ba su taɓa gani ba."

"Na sani, 'yar'uwa. Sabon abin da ba a so ai tsoho ne."

Na taso wa Tabawa da faɗa, na ce mata macuciya, mai cin dukiyar marayu. Ba ta yi fushi ba. Ta ce in ban yarda ba in ɗauka in kai Makarfi da kaina. Na kuwa ɗauka, don ni ba a ƙure ni. Ranar kasuwa na ɗora kwalla uku a ka, na shiga mota, na zagaye rumfunan masu kwano tun hantsi har la'asar. Wani ma dariya ya yi ya ce, Hajiya, a ina kika tono waɗannan? Na dawo da su kamar yadda na tafi da su. A ƙarshe Tabawa ce ta kwashe duka, abin da ta bayar bai kai ya cika buhun masara biyu ba. Tarin shekara ashirin ke nan. Taki bai samu ba, masarar ta yi ja ta tsaya iya ƙugu, kafin shekara ta zagayo dangin mijin sun sayar da rabin gonar don a ci. Lami ba ta yi kuka a gaban Tabawa ba. Sai da aka fita da kwalla ta ƙarshe ta dube ni ta ce, Asabe, ashe iska na tara.

Na koma gida na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadona. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rabin tarina irin na Lami ne sak. Sauran rabin tukwanen silba ne da na saya daga baya, su har lokacin suna da kasuwa. Ɗaukar adashina kuma tana tafe a farkon kaka, da ita na yi niyyar sayen tangaran da kulolin da ake yayi. Na zauna ina tunani, to in na saya, nan da shekara goma fa? Wani yayin zai zo, wata Tabawa ta zauna a bakin turmin Balaraba ta yi tagumi.

A kwanakin ne Hajjo ta shigo da ƙwaryar nono. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan rafi, ta daɗe tana kawo mana nono muna ba ta dusa, mun saba har muna tsokanar juna. Na ba ta labarin Lami. Ta sauke ƙwarya, ta kama haɓa.

"Ku dai Hausawa ban san abin da ke damunku ba," in ji ta. "Ku ajiye dukiya a abin da ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa, sannan ku yi mamaki don bai ƙaru ba."

"Ke rufe mana baki," na ce. "Mu ina muka ga shanu?"

"Wa ya ce sai saniya? Akuya ba ta haihuwa ne? Mu in mutum ya tsiyace, ba ma ba shi tuwo ya ci ya kwanta. Karsana ake ba shi ya riƙe, ta haihu ya ɗauki 'ya'yan, ya mayar da uwar. Ya tashi da ƙafarsa, mai saniya kuma bai rasa komai ba."

Ta faɗi sunan abin da Fulatanci, ni dai harshena bai kama shi ba. Amma maganar ta kama ni. Ba wai ba mu san ba da kiwo ba ne, ana yi a Paki tun kaka da kakanni, sai dai masu hali ne suke ba wa na ƙasa da su, kuma rabon yakan fi karkata wajen mai dabba. Abin da bai taɓa zo mini ba shi ne a ce jeren yarinya ɗungurungum ya zama abin da ke numfashi. Kwana uku ina juya abin. A na huɗu, bayan mahaifinku ya dawo daga gona ya ci abinci, na zauna gefen tabarmarsa na faɗa masa: zan sayar da silba, in haɗa da adashi, a sayo awaki. Awakin na Balaraba ne, amma ba za a kai su Kudan ba, don amarya ba ta da turke ba ta da harawa. Za a raba wa matan unguwa waɗanda ba su da ko kaza, Lami ce ta farko. Haihuwar fari ta mai kiwo ce, daga nan a riƙa rabawa, uwa kuma tana nan a matsayin ta Balaraba. Wadda ta samu nata suka kafu, sai ta miƙa uwar ga wata.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyi. Ya daɗe yana sakace haƙori kafin ya yi magana.

"Gado da katifa da kujeru nawa ne, kuma zan yi," ya ce. "Jere naki ne, ba na shiga. Amma ki sani Yaya Mairo za ta cinye mu ɗanye."

"Ta cinye. Ni na ga abin da na gani."

Shi ya je Makarfi ya sayo su, awaki shida jajaye, huɗu da ciki. Ranar da aka sauke su daga mota unguwa ta cika da kallo. Na kira matar liman da uwar adashinmu su zama shaida, ba takarda ba komai, na damƙa wa kowace mace igiya a hannu. Lami kuwa saboda takaba har bakin ƙofarta na kai mata tata, ta riƙe igiyar da hannu biyu, akuyar tana ja tana bin ta har suka shige gida. Wallahi ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kwana ina ganin kaina mai dabara. Abin da na rage wa Balaraba shi ne tukwane uku, kwanonin ci, tire, bokiti, da 'yan samira shida da Tabawa ta ƙi ɗauka ranar da na fitar mata da sauran kwanonina.

Labari ya kai Ikara kafin sati. Hajiya Mairo ta zo da kanta, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakar gida.

"Asabe, haukacewa kika yi? Ni na raini yarinyar nan, ni zan shiga gaba ranar jere. Me zan jera? Kashin awaki?"

"Yaya, ki zauna ki sha ruwa in yi miki bayani."

"Ba na sha. Kin san mutanen Kudan da ido. Kin san yadda ake shiga ɗakin amarya a ƙirga komai har cokali. Ke kina nan Paki a zaune, ita za ta zauna a cikinsu."

Na ba ta labarin Lami daga farko har ƙarshe. Ta saurara, don mace ce mai hankali duk da zafinta. Da na gama ta sauke murya ta ce, to, abin da ya wuce ya wuce, ga mafita. Za ta bi gidajen ƙawayenta a Ikara ta aro tangaran da kuloli, a jera, in an yi wata biyu ido ya ɗauke a mayar wa masu su a hankali. Ana yin haka, ba a kanmu aka fara ba, kuma da na yarda da babu wanda zai ji ko ya gani. Amma ni a lokacin kaina ya riga ya kumbura. Na ce ba za a yi wa 'yata jeren ƙarya ba, mai abin kunya shi ne mai aro, wanda zai yi dariya ya yi. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suna ji. Hajiya Mairo ta dube ni ta girgiza kai.

"Da fuskar wani kike yin jarumtakar nan," ta ce. Ta juya ta fita.

Uwa ba ta zuwa jere, ba ta kai amarya, saboda haka abin da ya faru a Kudan ji na yi. An kafa gado, an sa kujeru, aka zo bango aka tsaya. Hajiya Mairo ta cire kuloli biyu daga nata ɗakin ta ƙara, duk da haka wurin ya yi kamar bakin tsohuwa. Da 'yan ganin ɗaki suka shigo, wata daga dangin ango ta waiga hagu ta waiga dama ta ce, sauran kayan suna hanya ne? Aka ce ai dukiyar amarya awaki ce, suna Paki. Ɗakin ya ɗauki dariya. Kafin kwana bakwai sunan ya bi gari, Amarya Mai Awaki. Yara in sun gan ta za ta gidan maƙwabta sai su bi ta a baya suna kukan akuya. Matan gidan in za su yi baƙi sai su aiko a tambaye ta aron kula, suna sane, don dai a ji ta ce babu. Yarinya 'yar shekara goma sha tara, baƙuwa a gari, ba ta san kowa ba. Garba ya yi iya ƙoƙarinsa, daga baya ya saya mata wasu kayan, amma suna in ya kama mutum ba ya sakinsa da wuri.

Da ta zo ganin gida ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, na amsa kamar kullum. Ba ta ce komai a kan ɗakin ba, ni ma ban ce ba. Na ce wa iska, a je a duba awaki mana, biyu sun haihu. Ta ce to, ba ta je ba. Daga nan zuwanta ya zama sai dole, suna ko ta'aziyya, ta kwana ɗaya ta juya. In ta haihu a Ikara take wanka wurin gwaggonta. Da waya ta shigo, takan kira mahaifinku su daɗe suna magana, in ya miƙo mini ta ce Inna ina wuni, ina gajiya, a gaida yara. Shi ke nan. Abin yana cina, ba zan ɓoye muku ba, amma nakan ce wa kaina yarinta ce, wata rana za ta gane.

Su kuwa awaki suna can suna abin da Allah ya halicce su su yi. Ba duka aka ci riba ba, kada in yi muku daɗin baki. Shekara ta biyu ciwon zawo da majina ya shigo gari ya kashe uwa ɗaya da 'ya'ya da dama, sai da muka koyi kiran malamin dabbobi ya yi musu allura kafin damina. Wata daga cikin masu kiwon kuma mijinta ya kama akuyar ya kai kasuwa ya dawo ya ce ɓarayi ne, muka san gaskiya muka bar shi da Allah. Amma sauran sun yi albarka. Lami ta fi kowa iya kiwo, tana bin gonaki bayan girbi tana tara harawa a kan rufin ɗaki, ba ta zubar da ko ruwan tsarin dawa. A shekara ta uku ta miƙa uwar ga wata, tana da nata guda biyar. Da su ta sa taki a ragowar gonar, da su ta sayi injin markaɗe, yaranta ba su ƙara kwana da yunwa ba. Mata suka fara zuwa da kansu suna cewa a sa su a layi. Wasu masu aurar da 'ya'ya suka fara rage jere suna haɗawa da akuya ɗaya ko biyu, ba tare da an yi shela ba. Rabon Balaraba kuwa ko ɗaya ban taɓa ba, mazan kawai nake sa a sayar a sayo matan awaki.

A shekara ta bakwai tsutsa ta faɗa wa tumatir a Kudan, ta cinye fadama ƙurmus cikin 'yan kwanaki. Garba ya zuba duk abin da yake da shi a noman ranin nan. Magana ta kai ga zai sayar da fadamar da ya gada, wadda ita ce abincinsu. Ran nan da hantsi ina tankaɗe sai na ji sallama, na ɗaga kai na ga Balaraba, ita kaɗai, ba suna ba ta'aziyya. Bayan gaisuwa ta ce, tana kallon ƙasa:

"Inna, na zo ganin awakin."

Na ajiye rariya na yafa mayafi. Muka bi gida gida, ni a gaba ita a baya. Ko'ina muka shiga sai mata su taso, ga mai awaki, ga mai awaki, wannan ta kawo ruwa, waccan ta kawo gyaɗa, ana nuna mata wannan taki ce, waccan mai farin goshi ma taki ce. A bakinsu sunan ba zagi ba ne. Lami ta rungume ta tana kuka tana cewa, 'yar nan, da dukiyarki na rufa wa marayuna asiri. Gida goma sha ɗaya muka shiga. Aka ware waɗanda za a kai Makarfi, aka bar uwaye a inda suke, kuma abin da aka samu ya isa Garba ya sake shuka bai sayar da ko taƙi ɗaya na fadamar ba.

Da a nan na tsaya, da labarin ya yi daɗi. Amma muna dawowa, a ɗan lungun da ke tsakanin gidan Lami da namu, bakin nan nawa ya ƙi zama. Shekara bakwai ina jiran ranar. Ban ko waiga ba na ce:

"To, yau wa ya yi gaskiya? Da tangaran ne, sai a dafa shi a ci?"

Na ji takunta ya tsaya. Na juyo. Tunda na haife ta ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar.

"Ke kika yi gaskiya, Inna," ta ce. "Ban taɓa cewa ba ki yi ba. Ina nan hutu lokacin da aka fitar da kwanonin Inna Lami, ina tsaye a bakin ƙofa, na ga komai. Da kin kira ni kin ce, ga abin da nake so in yi da kayanki, wallahi da na ce to. Da na shiga Kudan da kaina a sama, duk wadda ta yi dariya in ce mata ni na zaɓa. Amma a bakin 'yan jere na ji. Ana dariya ina zaune cikin lulluɓi, ban san ma me ake wa dariya ba. Kin yi shawara da Baba, kin yi da matar liman, har da mai nono kin yi. Ni kaɗai ce ba ki ga ya kamata ki tambaya ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta wuce ni ta shiga gida.

Na tsaya a lungun nan kamar an dasa ni. Ina da amsa, ni da ba na rasa amsa. Zan iya cewa kunya ce, uwa ba ta zama shawara da 'yar fari. Amma ni da na iya take al'adar jere a gaban gari duka, na ce wanda zai yi dariya ya yi, ashe al'adar da za ta sa in zauna da 'yata in yi mata magana ita ce na kasa takewa. Na zaɓi wadda za ta nuna ni jaruma, na bar wadda za ta sa in sunkuyar da kai. Na shiga gida na tarar tana taya ƙannenta tsintar shinkafa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, a zuba wa baƙuwa abinci.

Yau shekaru sun ja. Kiwon nan yana nan yana zagayawa a Paki, ya shiga gidajen da ban ma san masu su ba, kuma ina roƙon ku kada ku bari ya mutu. In za ku taimaki wanda ba shi da shi, ku ba shi abin da zai haihu a hannunsa. Amma in abin da za ku bayar akwai haƙƙin wani a ciki, ko ɗan da kuka haifa ne, ku zauna da shi tukuna, don alherin da aka yi da fuskar wani ba a tambaye shi ba, akwai sauran magana a kansa ranar gobe. Balaraba tana zuwa yanzu, tana kawo mini magani, tana yanke mini farce, muna hira a kan jikoki da tsadar taki. Maganar lungun nan ba mu sake taɓa ta ba. Sau da yawa in ta sunkuya tana ɗaure mini ƙafa nakan shirya kalmomin a bakina, sai ta ɗago, sai in ce ruwa ya yi kyau bana.

Saboda haka na rubuta. Duk wanda wannan takarda ta fara shiga hannunsa a cikinku, ya kai mata Kudan, kada ya karanta mata, ya ba ta ta karanta da kanta.

Balaraba, kayanki ne, ranarki ce, fuskarki ce, kuma ban tambaye ki ba. Na yi kuskure. Ki yafe mini tun ina da kunnen jin amsa.